Takardar Gwajin Jini: Abin da Lambobin Jajayen Ƙwayoyi Suke Faɗa wa Iyali

Gabatarwa

A kowace ranar aiki, a Babban Asibitin Minna, da Asibitin Ƙwararru na IBB, da Asibitin Mata da Jarirai na Jummai Babangida Aliyu, da ƙananan ɗakunan gwaji da ke Bosso, Tunga, Kpakungu da Maitumbi, mutane suna karɓar wata 'yar takarda mai ɗauke da haruffa da lambobi. Waɗansu sukan ninke ta su sa a aljihu har ta yage, ba su koma wurin likita ba. Waɗansu kuwa da zarar sun ga lambar da aka ja wa layi sai hankalinsu ya tashi, su zarce kemis su sayi kwalbar maganin ƙarin jini. Na farko yana iya barin ciwo mai magani ya yi nisa, na biyu kuma yana iya rufe alamar da za ta kai likita ga ainihin ciwon.

Al'amarin ya shafi kusan kowane gida. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yara masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Saboda haka darasinmu na wannan fitowa zai bi wannan takarda layi-layi, domin iyaye su gane abin da aka rubuta, su san tambayar da ya kamata su yi wa likita, su kuma san lokacin da jinkiri yake iya cin rai. Fassarar ƙarshe ta likita ce, domin shi ne yake haɗa lambobin da abin da ya gani a jikin marar lafiya.

Jajayen ƙwayoyi da aikinsu

Babban mutum yana da kimanin lita 5 na jini a jikinsa. Fiye da rabin wannan jini ruwa ne mai launin ɗorawa-ɗorawa. A cikin ruwan akwai ƙwayoyi iri uku: jajaye masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cututtuka, da ƙananan da suke tsayar da jini idan mutum ya ji rauni. Jajayen sun fi sauran yawa nesa ba kusa ba, su ne kuma suke ba jini launinsa.

A cikin kowace jar ƙwaya akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, wanda aka gina shi da sinadarin ƙarfe, wato ayon. Shi ne yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa, zuciya, tsoka da kowace gaɓa. A cikin ɓargo ake ƙera waɗannan ƙwayoyi, kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Kowace ɗaya takan yi aiki na kwana 120 ko kusa da haka, sa'an nan saifa ta tace ta, jiki ya adana ƙarfen da ke cikinta don ƙera sabuwa. Ƙoda ce take lura idan iska ta yi ƙaranci a jini, ta aika wa ɓargo saƙo ta hanyar wani sinadari cewa ya ƙara ƙoƙari. Wannan ya sa lambar jajayen ƙwayoyi take ba da labarin abubuwa da yawa a lokaci guda: abincin da ake ci, lafiyar ɓargo, lafiyar ƙoda, da ko jini yana zuba ta wata kafa.

Haruffa huɗu da ya kamata a sani

Idan likita ya rubuta FBC, yana neman cikakken ƙidayar ƙwayoyin jini ne. Takardar za ta fito da layuka da yawa, amma huɗu ne suka fi shafar darasinmu.

Na farko, RBC. Wannan shi ne adadin jajayen ƙwayoyi. Idan an rubuta 4.8, ana nufin ƙwayoyi miliyan 4.8 a cikin mikirolita ɗaya na jini, abin da bai kai girman kan allura ba. Ga namiji baligi akan sami daga kimanin 4.5 zuwa 6, ga mace kuma daga kimanin 4 zuwa 5.5.

Na biyu, Hb ko HGB. Wannan shi ne nauyin himogulobin, ana auna shi da giram a kowace desilita. Shi ne ma'aunin da ake yanke hukuncin ƙarancin jini da shi, domin yana yiwuwa ƙwayoyin su cika adadi amma kayan aikin da ke cikinsu bai isa ba.

Na uku, PCV, wanda waɗansu injuna suke rubuta shi HCT. Shi ne aka fi sani a asibitocinmu. Akan huda yatsa, a ɗebi jini cikin siririn bututun gilashi, a juya shi a inji na kimanin minti 5. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan ya tsaya a sama, sai a auna kashi nawa cikin 100 ne jajayen suka ɗauka. Ga namiji yakan kasance daga kimanin 40 zuwa 52, ga mace daga kimanin 36 zuwa 46. Galibi PCV yakan ninka Hb sau uku: mai Hb 10 zai sami PCV kusa da 30.

Na huɗu, MCV. Wannan yana nuna girman ƙwayoyin. Daga 80 zuwa 100 shi ne matsakaici. Idan ya gaza 80, ƙwayoyin ƙanana ne, abin da ya fi jawo haka kuwa shi ne ƙarancin ƙarfe. Idan ya wuce 100, ƙwayoyin sun yi girma fiye da kima, sai a yi zargin ƙarancin folik asid ko bitamin B12, ko ciwon hanta, ko yawan shan barasa.

Kowane ɗakin gwaji yakan buga nasa ma'auni a gefen sakamakon, kuma akan sami ɗan bambanci tsakanin wannan inji da wancan. Da ma'aunin da ke kan takardarka za ka gwada lambarka.

Ma'aunin ba ɗaya ba ne ga kowa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar da idan Hb ya gaza ta za a ce akwai ƙarancin jini. Ga namiji baligi 13 ne. Ga macen da ba ta da ciki 12. Ga yaro mai shekara 2 zuwa ƙasa da 5, 11 ne. A shekarar 2024 hukumar ta gyara ma'auninta a wurare kaɗan: ga jariri mai wata 6 zuwa 23 iyakar ta koma 10.5, ga mai ciki kuma 11 a watanni ukun farko da ukun ƙarshe, 10.5 a watanni ukun tsakiya.

Dalilin sassaucin da aka yi wa mai ciki shi ne, ruwan jininta yana ƙaruwa fiye da yadda ƙwayoyin suke ƙaruwa, sai jinin ya ɗan tsinke. Wannan tsari ne na halitta. Amma idan Hb na mai ciki ya sauka ƙasa da 7, ƙarancin ya yi tsanani, kuma zubar jinin da wata macen za ta jure wajen haihuwa yana iya halaka ta. Jariri sabon haihuwa yakan zo da lambobi sama da na babba, su sauka cikin wata 2 zuwa 3 na farko. Wurin zama ma yana da tasiri. Mazaunin Jos, wadda take bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, yakan ɗan fi mazaunin Minna yawan jajayen ƙwayoyi, domin jiki yana rama ƙarancin iskar da ke kan tudu.

Idan lambar ta yi ƙasa

Ƙarancin jini alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: me ya jawo shi? Hanyoyi uku ne jini yake raguwa: ko yana zuba, ko ƙwayoyin suna fashewa kafin lokacinsu, ko ɓargo ba ya ƙera isassu.

Zubar jini ba kullum ake ganinta ba. Jinin al'ada mai yawa, musamman ga mace mai ƙari a mahaifa, yana kwashe ƙarfen jiki wata bayan wata. Mai karatu zai tuna da macen da Markus sura 5 ta ba da labarinta, wadda ta yi shekara 12 tana zubar da jini. Har yau akwai irinta a cikinmu, suna jurewa shiru saboda kunya. Gyambon ciki da basir suna zubar da jini kaɗan-kaɗan, haka ma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Tsutsar ciki mai tsotson jini tana shiga ta fatar ƙafar wanda yake tafiya ba takalmi a ƙasa mai laima. Tsargiya kuma, wadda aka sani a garuruwan bakin ruwa irin na yankin tafkin Kainji, tana sa yaro fitsarin jini, iyaye su ɗauka alamar balaga ce alhali ciwo ne mai magani.

Fashewar ƙwayoyi kuwa, babban mai jawo ta a wurinmu shi ne zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar tana shiga cikin jar ƙwaya ta hayayyafa, ta fasa ta, saifa kuma ta kwashe har da lafiyayyu. Shi ya sa daga tsakiyar damina zuwa kaka ɗakunan yara suke cika da masu bukatar ƙarin jini. Na biyu shi ne amosanin jini, wato sikila. Ƙwayar mai sikila takan lanƙwashe kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo a Najeriya kowace shekara.

Rashin ƙera isassun ƙwayoyi yakan zo ne daga ƙarancin ƙarfe, folik asid ko bitamin B12 a abinci, ko daga ciwon ƙoda, tarin fuka, cutar HIV, ko ciwon ɓargo kansa. Gubar dalma ma tana hana jiki gina himogulobin. Jiharmu ta ɗanɗana wannan a shekarar 2015, lokacin da yara 28 suka rasu a Ƙaramar Hukumar Rafi sakamakon gubar dalma daga aikin haƙar zinariya. Iyalin da ake niƙa dutsen zinariya kusa da gidansu su sanar da likita idan an sami yaronsu da ƙarancin jini.

Idan lambar ta yi sama

Lamba mai yawa ba lallai alamar ƙoshin lafiya ba ce. Abin da ya fi jawo ta shi ne ƙarancin ruwa a jiki. Wanda ya yi gudawa ko amai, ko ya wuni a gona cikin zafin Maris da Afrilu bai sha ruwa sosai ba, ruwan jininsa yakan ragu, sai ƙwayoyin su zama kamar sun ƙaru. Da ya sha ruwa ya huta, lambar takan dawo daidai. Idan kuwa ta tsaya a sama bayan an maimaita gwajin, likita zai duba shan taba, ciwon huhu, ciwon zuciyar da aka haifi yaro da shi, ciwon ƙoda, ko wani ciwon ɓargo mai sa shi ƙera ƙwayoyi fiye da bukata. Jinin da ya yi kauri yana iya daskarewa a jijiya ya jawo shanyewar ɓarin jiki, don haka bai kamata a yi sakaci da shi ba.

Misalai huɗu don gwada fahimta

A ce mace mai shekara 34 tana fama da kasala da jiri, takardarta ta nuna RBC 3.9, Hb 9.2, PCV 29, MCV 74. Adadin ƙwayoyin bai yi nisa da ma'auni ba, amma Hb ya gaza 12 sosai, ƙwayoyin kuma ƙanana ne. Wannan ya yi kama da ƙarancin ƙarfe. Likita zai tambaye ta game da al'adarta, haihuwarta da abincinta. Idan an ba ta ƙwayar ƙarfe, za ta ci gaba da sha kimanin wata 3 bayan lambar ta daidaita, domin rumbun jiki ya cika.

A ce yaro mai shekara 3 ya yi kwana huɗu da zazzaɓi, tafin hannunsa ya yi fari, yana numfashi da sauri, PCV ɗinsa 14. Ga yaro mai zazzaɓin cizon sauro, PCV 15 ko ƙasa da haka, wato Hb 5 ko ƙasa, yana cikin alamun ciwo mai tsanani. Wannan yaro yana bukatar a kwantar da shi a ranar, mai yiwuwa a ƙara masa jini. Maganin kwalba ba zai cece shi ba.

A ce saurayi mai sikila ya sami PCV 23, kuma a duk gwajin da aka yi masa yana lafiya lambarsa tana tsakanin 22 da 25. A wurinsa wannan ba abin firgita ba ne, domin nan jikinsa ya saba tsayawa. Amma idan ta faɗi zuwa 16 cikin 'yan kwanaki, sai a garzaya asibiti. Kowane mai sikila ya kamata ya san lambarsa ta lokacin lafiya. Kada kuma a ba shi maganin ƙarfe sai likita ya tabbatar yana bukata, musamman idan an sha ƙara masa jini, domin ƙarfe yana iya taruwa ya lalata hanta da zuciya.

A ce dattijo mai shekara 62 ya sami Hb 10.5 da MCV 72, ba ya jin ciwon kome. Namiji ba ya al'ada, ba ya haihuwa, saboda haka dole a nemi inda jininsa yake tafiya. Za a duba bayan gidansa da cikinsa, domin gyambon ciki da ciwon dajin hanji sukan fara nuna kansu ta haka. Idan ya sha maganin ƙarin jini lambar ta hau, ciwon yana nan yana ci gaba a ɓoye.

Ruɗani uku da ya kamata a kawar

Na farko, hawan jini ba yawan jini ba ne. Hawan jini ƙarfin da jini yake tura bangon jijiya ne, ana auna shi da abin ɗaurawa a damtse. Mutum yana iya samun hawan jini da ƙarancin jini a lokaci ɗaya, kamar yadda ake gani ga masu ciwon ƙoda da waɗansu masu ciki.

Na biyu, launin abin sha ba ya zama jini. Jan zoɓo daga furensa yake. Haɗin lemon malt da madarar gwangwani da ake kai wa maijego yana ba da kuzari saboda sukari, amma madara ba ta da ƙarfe sosai. Abincin da yake gina jini shi ne hanta, nama, kifi, wake, gero, daddawa da ganyaye irin su zogale, alayyafo da ugu. Ƙarfen nama ya fi saurin shiga jiki. Na wake da ganye yana bukatar taimakon bitamin C, wanda ake samu a lemo, gwaiba, tumatir da garin 'ya'yan kuka. Shayi kuwa yana rage shigarsa idan an sha tare da abinci, gara a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu.

Na uku, kyakkyawan sakamakon FBC ba ya nuna cewa mutum AA ne. Mai AS yawanci lambobinsa daidai suke. Gwajin sikila daban yake, haka ma gwajin rukunin jini mai nuna A, B, AB ko O. Ikkilisiyoyi da yawa suna neman takardar gwajin sikila kafin ɗaurin aure, kuma da dalili: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na haihuwar mai SS. Ya fi kyau matasa su san nasu tun kafin magana ta yi nisa, su kuma maimaita gwajin a wuri na biyu amintacce.

Abin da ke hannun iyali da ikkilisiya

A ajiye takardun gwaji na kowane ɗan gida wuri ɗaya bisa jerin kwanan wata, a riƙa tafiya da su asibiti. Lamba ɗaya tana nuna inda mutum yake, jerin lambobi kuwa suna nuna inda ya dosa. A gaban likita a yi tambaya uku: Me ya sa lambar ta zama haka? Wane gwaji ne zai tabbatar? Yaushe za a maimaita?

Mai ciki ta fara awo da wuri, ta sha ƙwayar ƙarfe da folik asid kullum, ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa wurin awo aƙalla sau 3 daga watanni ukun tsakiya. Baƙin bayan gida da ƙwayar ƙarfe take jawowa ba illa ba ne. Miji ya san PCV na matarsa da rukunin jininta, ya kuma shirya waɗanda za su ba da jini tun kafin naƙuda. Yara su kwana cikin gidan sauro, su sa takalmi, a ba su maganin tsutsa bisa shawarar ma'aikacin lafiya.

A lokacin azumin ikkilisiya, mai ciki, mai shayarwa, mai sikila da mai ƙarancin jini mai tsanani su nemi shawarar likita tukuna. Ƙishirwa tana tayar da ciwon sikila. Fastoci da dattawa za su taimaka ƙwarai idan sun faɗi wannan daga bagade, domin kada marar ƙarfi ya ji kunyar shan ruwa.

Ba da jini kuma hidima ce da lafiyayyen mutum zai iya yi. Leda ɗaya, kimanin mililita 450, takan ɗaga Hb na babban mutum da kusan 1, PCV kuma da kusan 3. Ana auna jinin mai bayarwa tukuna, kuma jikinsa yana mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni. Zumuntar Maza da ta Matasa za su iya rubuta sunayen masu niyya tare da rukunin jininsu, ranar 14 ga Yuni kuma, wadda duniya ta keɓe don masu ba da jini, ta dace da fara wannan aiki.

Kammalawa

Akwai alamun da ba a jiran takarda idan an gan su: farin tafin hannu da cikin ido, numfashi sama-sama, bugun zuciya da sauri, suma, fitsari mai launin shayi, idon da ya koma ruwan ɗorawa, zubar jini ga mai ciki, ko yaron da ya kasa shan nono. Duk wanda ya nuna ɗaya daga cikinsu a kai shi asibiti nan take, dare ko rana. Ga sauranmu kuwa, gwajin PCV ba ya ɗaukar lokaci, kuma yana cikin gwaje-gwaje mafi araha. Ubangiji ya ba iyayen gida hikimar kula da waɗanda ya danƙa a hannunsu.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

1. Mene ne bambanci tsakanin RBC, Hb da PCV, kuma da wanne ake yanke hukuncin ƙarancin jini?

2. Me ya sa PCV 23 zai zama abin tsoro ga wani, amma ba ga wani ba?

3. Cikin hanyoyi uku da jini yake raguwa, wacce ta fi kusa da gidanku, kuma me za ku yi a kanta kafin damina mai zuwa?

4. Kowane ɗan gidanku ya san ko shi AA, AS ko SS ne? Ya san rukunin jininsa?

5. Idan wata 'yar'uwa ta bukaci jini leda 2 da tsakar dare, wa ikkilisiyarku za ta kira?